Sunan Da Inna Ta Raɗa Wa Mage

Ganyen darbejiya ne ya fitar da Inna daga gida a yammacin nan, ba wani abu ba. Surukarta Luba ba ta yi kwana bakwai da haihuwa ba, ganyen wankan jego ya ƙare, 'yan barka kuwa kowacce ta shanye kunun kanwarta ta kaɗe zane ta yi gida. Inna ta ɗauki lauje ta yafa mayafi tana mita, wai an wuni gida cike da mata amma tsohuwa ce za ta shiga burtali gab da magariba. Mitar ta baki ce kawai. A ranar nan ko rijiya aka ce ta yasa, tana dariya za ta shiga.

Akwai dalili. 'Ya'ya tara ta haifa, jikoki sun cika tsakar gida har sun tumbatsa waje, amma ba wanda ya taɓa mayar da sunanta. Wannan ya sa wa 'yarsa sunan uwar matarsa, wancan ya sa na wata gwaggo da ko goya shi ba ta taɓa yi ba. Inna ba ta taɓa cewa uffan ba, amma abin yana ci mata rai, har takan yi hawaye a kan sallaya. Sai da safen nan autanta Tasi'u ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, kansa a ƙasa, ya ce da sunanta ya yi wa jaririyar huɗuba. Halimatu Sadiya. Rabon da ta ji an kira ta da sunan nan tun ranar da aka binne mahaifiyarta.

"Amma Inna, a bar shi a ciki sai ranar suna," in ji Tasi'u.

"Kai tafi can! Ni za ka koya wa riƙe magana?"

To, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma na Inna a ranar ya cika har wuya, kuma ba ta da wanda za ta juye wa.

Ƙauyensu yana bayan Bici, inda gona take manne da gona, gida yana jin tarin maƙwabcinsa. Kaka ta ƙarato, dawa ta fi mutum tsayi dama da hagu, har burtalin ya zama kamar lungu. Warin kashin shanu da na ɗanyen ciyawa ya haɗu da hayaƙin girkin yamma. Daga can nesa tana jin injin niƙa yana tari, wata tana daka, wani yaro yana kiran awaki. Darbejiyar da take nufi tana tsaye a gefen wani kufai, gidan da mutanensa suka tashi tun kafin a kawo ta garin, ba abin da ya rage sai guntun katanga da gindin rumbu.

Tana cikin saran ganye ta ji wani sauti da ta sani kamar yunwar cikinta. Kaf-kaf-kaf. Mage ce take kaɗa kai.

Ta waiwaya. A kan gindin rumbun nan, ga magenta Toka a zaune, ta karkatar da kai gefe guda, tana kai ƙafar baya tana sosar kunne kamar za ta cire shi. Tun kafin Luba ta fara naƙuda magen ta ɓace, Inna ta neme ta har ta fid da rai.

"Au, nan kika zo kika tare, 'yar banza? Ɓeraye suna can suna biki a rumbuna."

A ƙauyen kowa ya san Inna da mage. Mata suna yi mata tsiya, wai ta fi kula da kunnen Toka a kan na jikokinta. Ita kuwa amsarta guda ce: magen da kunnenta ya toshe ba ta jin ɓera, dawa kuwa ba ta da wani mai gadi sai mage. Don haka ba ta tsaya tunani ba. Ta ɗora ganye a ka, ta sunkuya ta sungumi magen. Ko bismilla ba ta yi ba, ita da ko ludayi za ta ɗauka sai ta yi.

Magen ta yi nauyi. Jikinta sanyi ƙalau kamar gindin randa. Inna ta ce a ranta raɓa ce, da kuma ɓerayen daji da ta ƙoshi da su.

Ta kafar danga ta shiga gida, ta bayan rumbu, don ta san in Luba ta ga mage kusa da ɗakin jego sai ta yi ƙorafi. A nan murhun ruwan wanka yake, da sauran garwashi. A nan kuma, cikin wata tsohuwar ƙwarya, take ajiye kayan aikinta: auduga, man kaɗanya a murfin gwangwani, da wani mataji da rabin haƙoransa suka zube. Ta ɗora man a gefen garwashi ya narke, ta zauna a kan turmi, ta kwantar da magen a cinya.

Da gashi ta fara, kamar kullum. Ta bi baya da mataji a hankali, daga wuya zuwa gindin wutsiya, tana tsince ƙarangiya, tana laluben kaska a ƙarƙashin haɓa da hammata. Ba ta samu kaska ko ɗaya ba. Ba ƙuma. Mage ta yi kwanaki a daji a ce ko ƙwaro ɗaya bai hau ta ba? Kuma Toka, da mataji ya taɓa ta take fara wannan ƙugin daɗi a maƙogwaro, har Inna takan ji shi a cinyarta. Yau shiru. Magen ta lafe kawai, ta miƙo kunnen dama, tana jira.

Inna ta ɗiga man a bayan hannunta ta ji bai yi zafi ba. Ta lanƙwasa kunnen baya, ta ɗiga kaɗan a ciki, ta murza gindinsa da yatsu biyu har ta ji yana motsi. Ba ta taɓa sa tsinke a kunnen mage ba, ta sha faɗa da masu yi. Auduga ta naɗa a ɗan yatsa ta share.

Dauɗar kunnen mage baƙa ce, kamar garin gawayi. Wannan ja ce. Ƙasa ce, jar ƙasa mai danshi, da wari irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Ta sake auduga. Ta sake. Ƙasar ba ta ƙarewa, har ta taru a kan zanenta.

Sai yatsanta ya taɓo wani abu mai tauri, da ɗan zare a jiki. Ta kama zaren ta ja. Abin ya fito da ƙyar, da wani ɗan sauti kamar an cire marfin gora. Dunƙulen kakin zuma ne, ya yi baƙi ƙirin, yana warin tawada.

"Kai, yaran zamani ba su da imani," ta ce. "Dabba ma ba za su bari ba?"

Ta ƙulle shi a bakin zanenta don ta nuna wa iyayensu gobe. Kunnen hagu ta bar shi sai ta gwada wannan tukuna. Haka take yi kullum: in ta gama, sai ta kai bakinta ta raɗa wa Toka wata magana, in kunnen ya motsa ta san ya buɗe. Wani lokacin gulmar maƙwabta ce, wani lokacin tsadar gishiri. Mage ai ba ta kai magana gaba.

Ta sunkuya. Farin cikin da ta danne tun safe ya taso mata.

"Kin san me?" ta raɗa. "An yi mini takwara. Tana can a ɗakin Luba. Halimatu Sadiya."

Kunnen ya motsa.

Ba irin motsin da ta saba gani ba. A hankali ya juya, ya fuskanci ɗakin jego, ya tsaya cak.

A daidai lokacin lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya ɗaga murya. Ta ji takun mazan gidan suna fita ta zaure, Tasi'u yana gyaran murya, ƙofar kwano ta rufu. Sannan ta ji wani huci daga ƙarƙashin rumbu.

Ta leƙa. Idanu biyu suna ƙyalli a cikin duhun. Toka ce. Ta rame, nonuwanta sun zazzago, 'yan jarirai suna mutsu-mutsu a bayanta. Ashe haihuwa ta ɓuya ta yi. Gashin bayanta duk ya miƙe, ta bankare, tana huci tana kallon cinyar Inna.

Inna ba ta kalli cinyarta ba. Ba ta iya ba.

Nauyin ya sauka da kansa. Ta ji sanyin ya bar ƙafarta. Ta wutsiyar ido ta ga abin yana tafiya a gindin katanga, ba sauri, ba sauti, ya nufi ɗakin Luba.

Sai yanzu hankalinta ya koma kan zaren nan. Zaren hannu ne, na mazari. Rabon da a kaɗa irinsa a ƙauyen nan tun tana budurwa. Ba yaro ne ya toshe kunnen nan ba. Wani ne da ya san abin da yake yi, tun da daɗewa, ita kuma ta zo da man kaɗanyarta ta warware masa aiki.

Magana zarar bunu ce. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba tunda uwarta ta haife ta.

Ta miƙe ta yi ɗakin Luba. Tana zaune a bakin gado tana shayarwa, fitilar waya a jingine da kwano. Ɗakin yana ƙamshin turaren wuta da kanwa.

"Inna, lafiya? Kin ganki kuwa?"

"Rufa mini baki. Kawo ta nan."

Kafin Luba ta motsa, kiran ya zo daga bayan labule. Ba da ƙarfi ba. Raɗa ce, kuma muryar Inna ce, da wannan 'yar rawar farin cikin da ta yi maganar da ita.

"Halimatu Sadiya."

Jaririyar ta saki nono.

"Wa ke nan?" Luba ta raɗa. "Inna, ba ke kika yi magana ba?"

Inna ta girgiza kai. Ta fara Ayatul Kursiyyu, harshenta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse.

Jaririyar da ko wuyanta bai tsaya ba ta juya kai. Ta buɗe ido tar. Ta kalli ƙofa.

"Halimatu Sadiya."

Yanzu daga gindin labulen ne. Ƙasan labulen ya ɗan motsa. Warin tsohuwar rijiya ya danne turaren.

"Inna, jikinta ya yi sanyi!" Luba ta fashe da kuka, ba sauti. "Inna, ki taɓa ta!"

Ɗan bakin jaririyar ya fara buɗewa. Ba kuka za ta yi ba. Inna ta yi renon jarirai da ba ta san iyakarsu ba, ta san bakin kuka, ta san na hamma. Wannan bakin amsawa ne.

Kunne ya girmi kaka. Tun tana ƙarama ta ji manya suna faɗa: in an kira ka da magariba ba ka ga mai kira ba, kada ka amsa. Wanda ya amsa, shi aka kira.

Ta ji an ja numfashi a bayan labule.

"Halima..."

"Na'am!"

Da ƙarfi Inna ta faɗa, har fitilar ta zame daga jikin kwano.

"Na'am, ga ni. Ni ce mai sunan. Tun kafin a haifi ubanta nake da abina."

Kiran ya tsaya.

Jaririyar ta canyara kuka, kuka na gaske, mai daɗin ji.

Ƙafafun Inna kuwa suka juya da kansu.

"Kada ki fito," ta ce wa Luba. "Ko me kika ji. Toshe mata kunne."

Ta ratsa tsakar gida. Ta wuce murhu. Ta fita ta kafar danga. Ba ita ke tafiyar ba, jan ta ake yi, kamar akuya a igiya.

Burtali ya yi duhu. Ba injin niƙa, ba daka. Ko gyare ba ya kuka. Dawa tana kaɗawa alhali ba iska.

Abin yana gabanta, yana tafiya. Duk ɗan taku sai ya waiwayo.

"Halimatu Sadiya."

"Na'am."

Bakinta ne yake amsawa, ba ita ba. Duk amsar da ta yi sai ta ji wani abu ya fita daga jikinta.

Ga darbejiya. Ga guntun katanga. A gindin rumbun nan akwai rami, ba ta lura da shi ɗazu ba. Daga cikinsa warin yake fitowa.

Abin ya tsaya a bakin ramin. Ya yi tsalle ya hau kafaɗarta. Nauyinsa ya durƙusar da ita. Gashin bakinsa ya taɓa kunnenta, sanyi kamar ƙarfe.

Addu'a ta ƙi fita. Ƙafa ta ƙi gudu. Hannuwanta ne kawai suka rage mata, su kuwa sun yi shekara da shekaru suna kama magen da ba ta son magani.

Ta cafki fatar ƙeyarsa.

Ta fizgo mayafinta ta naɗe shi tam, ƙafafu a ciki, kai a waje. Ta danne shi tsakanin gwiwoyinta.

Ya kumbura. Mayafin ya fara ɓarkewa. Abin da take dannewa ya daina kama da mage, ta ji ƙasusuwa suna sauya wuri a ƙarƙashin tafinta. Ta runtse ido. Wannan aikin ba ya buƙatar ido.

Da haƙori ta kwance bakin zane. Kakin ya faɗo a hannunta. Ta ji ya rabe biyu.

Ta laluba. Kunnen dama. Ta lanƙwasa shi baya.

"Bismillahi."

Kalmar ta fita, da ƙyar, amma ta fita. Ta tura rabin kakin da babban yatsa.

Abin ya yi ƙara a cikin kunnenta.

Ba wanda ya ji ƙarar nan a ƙauyen, ko karnuka ba su yi haushi ba. Ita kaɗai ta ji ta, kuma ita ce sautin duniya na ƙarshe da ta ji.

Tasi'u ne da mutanen masallaci suka tsinto ta a bakin kufai, a kwance, ta rungume yagaggen mayafi ba komai a ciki. Sun haska ko'ina ba su ga rami ba. Ta farfaɗo a hanya, tana ganin bakin ɗanta yana motsi, yana kuka, ba ta jin komai. An kai ta asibiti, aka leƙa kunnuwan aka ce ba ciwo, ba dauɗa, tas suke.

Ana gobe suna ta kira Tasi'u ɗakinta. Da ƙarfi ta yi maganar, yadda kurame suke yi, har na tsakar gida suka ji.

"Ka sake wa jaririyar nan huɗuba. Ban yarda a sa mata sunana ba."

Ya ɗaga hannu zai yi musu. Ta riƙe hannun.

"Shekara nawa ina jiran sunan nan, kai ka sani. Ni na ce a cire shi. Kada in sake ganin bakin wani ya faɗe shi a gidan nan, ko bayan raina."

Ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. Washegari aka yanka rago, liman ya faɗi suna: Tahira. Mata suka rangaɗa guɗa, Inna tana kallon wuyansu yana rawa.

Yanzu Tahira ta yi wayo, har tana zuwa makarantar allo. Ita ce take riƙe wa kakarta murfin man kaɗanya in ana gyaran kunnen jikokin Toka. Inna tana nan da aikinta, sai dai da rana tsaka take yi, a tsakar gida, kuma ba ta ƙara raɗa wa mage komai ba. Ba ta jin ladan, ba ta jin tsawa, ba ta taɓa jin muryar yarinyar nan ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Abu guda take ji. Rabin kaki ba ya toshe kunne duka.

Duk magariba, da rana ta taɓa kan dawa, za ka ga Inna ta ajiye abin da ke hannunta. Kanta ya juya wajen burtali. Ta cije leɓe har sai ya yi fari. Sannan ta jawo Tahira jikinta, ta sa tafuka biyu ta rufe mata kunnuwa, ba ta saki sai maza sun dawo daga masallaci.

Yarinyar tana ƙyalƙyala dariya. Ita a zatonta wasa ne.